Rasuwar Tambaya, Amalanken Lamba Ɗaya na Tashar Bakin Layi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma haushin da har yanzu bai gama sauka ba, Uba Muhammadu Sani, wanda aka fi sani da Uba Lamba Ɗaya, ɗan dako a tashar jirgin ƙasa ta Bakin Layi, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da manoman rani na Kura da Bunkure da Kadawa, da dillalan tumatir, da duk wanda ya taɓa sayen kayan da wuyansa ba zai iya ɗauka ba, rasuwar amalankensa Tambaya. Ajali ya cim masa ranar Talatar da ta wuce, da rana tsaka, a kan layin dogo, a gaban jama'a, yana bakin aikinsa.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. An tambayi Liman kafin a rubuta wannan, ya ce ko fitila ce ta fashe wa mutum yana iya faɗa, balle amalanke. Abin da ya hana kawai shi ne a yi wa amalanken sallar jana'iza, kuma ba a yi masa gardama ba.

Ana yin wannan sanarwa ne don masoyan marigayi su ji daga bakin mai shi, ba daga teburin mai shayi ba. Ana kuma yin ta don masu leƙen gurbinsa a turken tasha su sani cewa gurbin nan da mai shi. Sun san kansu. Ɗaya daga cikinsu yana da 'yar ƙurƙura shuɗiya, babur ɗin nan mai ƙafa uku na ɗaukar kaya.

An haifi marigayi a Madobi, a rumfar wani kafinta da ya daɗe da kwanta dama. Jikinsa katakon maɗaci ne, ba irin katakon yanzu da za ka danna da yatsa ya lotsa ba. Gatarinsa kuwa, wato ƙarfen da ke riƙe da tayoyi, daga wata tsohuwar motar ɗaukar gyaɗa aka ciro shi, saboda haka ko da yake a ƙauye ya tashi, yana da dangi a birni. Shekarunsa babu wanda ya riƙe. Mahaifin Uba, Malam Muhammadu Sani, Allah ya ji ƙansa, yakan ce ya saye shi ne shekarar da aka fara sako ruwan Tiga a kanal. Yaya Sa'a, yayar Uba, ta ce sam, a cikinsa aka kai kayan ɗakinta, kuma lokacin babu kanal sai ƙaya. An bar maganar a nan, don ba a taɓa cin Yaya Sa'a a musu ba.

Ita kuwa tashar ta girme shi nesa ba kusa ba. Turawa suka kafa ta saboda gyaɗa da auduga: ɗakin Masta, wato shugaban tasha, da ɗakin yankar tikiti, da rumfar kwano, da dakalin lodi, da wani ƙaton tankin ruwa inda jirgin kwal ke tsayawa ya sha ya yi gyatsa. Garin ma a bayanta ya zo. Masu tuwo da masu rake ne suka fara kafa bukkoki a bakin layi, sunan ya bi su har yau. A zamanin da tasha take tasha, jirage iri-iri ke bi ta nan. Akwai mai girman kai da ake kira Ba-Ruwana, wanda ba ya tsayawa, sai dai ya wuce da gudu ya bar kaji suna neman hankalinsu. Akwai na talakawa da ake kira Sannu-da-Gida, wanda babu tashar da ba ya tsayawa, wani lokaci ma inda babu tasha, in direba ya hango wanda ya sani. Sai jirgin kaya, wanda shi ne abincin 'yan dako.

Da ruwan Tiga ya iso, gonakin da suka saba barci rani duka suka farka. Tumatir ya yi ja daga nan har inda ido ya tsaya, ga albasa, ga alkama. Kwanduna suka riƙa fitowa daga gonaki tun da sassafe, a jera su a dakali, a cusa su a taragu, su nufi Kudu. A wannan zamanin ne Tambaya ya yi suna.

Ga wanda ba ɗan gari ba, sai an yi masa bayanin turke. A ƙofar dakalin lodi akwai wani guntun kwangiri, irin ƙarfen da jirgi ke bi a kai, da aka kafa a tsaye tun zamanin Turawa. Shi ne turke. Dokar 'yan dako ita ce, amalanken da rana ta fito ta gan shi jingine da turke, shi ne Lamba Ɗaya. In jirgi ya tsaya shi ke fara shiga, shi ke zaɓar kayan da ya ga dama, sai ya fito sannan na baya su motsa. Amalanken da ya kwana wani wuri, ko da a gidan biki ne, ya koma ƙarshen layi. Ba a rubuta dokar nan a ko'ina ba. A bakin Sarkin Dako take, kuma Sarkin Dako na yanzu shi ne Baba Dattijo, wanda haƙoransa suka ƙare amma maganarsa ba ta ƙare ba.

Tun ranar da Malam Muhammadu Sani ya jingina Tambaya da turken nan, rana ba ta taɓa fitowa ta rasa shi a wurin ba. Ranar auren Uba a can ya kwana. Shekarar da kanal ta ɓalle ruwa ya shiga gari, a can ya kwana, ruwa har gatari. Ranar da aka binne Malam ɗin ma, daga maƙabarta Uba bai wuce gida ba sai da ya biya ya tabbatar.

Halayen marigayi kuwa, duk wanda ya zauna da shi zai ba da shaida. Bai taɓa shan fetur ba, ko da ɗigo. Lokacin da masu injina ke kwana a layin gidan mai suna zage-zage, shi yana nan yana aikinsa. Abincinsa giris ne, in babu giris baƙin mai, in babu baƙin mai ya sha man gyaɗa bai yi ƙorafi ba. Ya ɗauki tumatir, ya ɗauki taki, ya ɗauki injin ban ruwa da tiyonsa. Ya taɓa ɗauko ɗan maraƙin wani Bafulatani da ya karye a bakin kanal, uwar tana biye tana kuka har ruga. Ya taɓa kai mai naƙuda bakin titi, kuma yaron da aka haifa yanzu shi ke sayar da maganin feshi a kasuwar Bunkure, ko gaisuwa ba ya yi wa amalanken in sun haɗu.

Magana ɗaya gare shi a duniya, daga tayar hagu take fitowa: ƙwiii-iƙ? Ƙwiii-iƙ? Ƙarshenta tashi take sama, kamar mai son a ba shi amsa, shi ya sa aka sa masa suna Tambaya. An canza boris, an zuba mai, an kai shi wurin masu gyara har Kura, bai daina ba. Daga baya mutane suka saba, in ya wuce ta gaban mai shayi sai ka ji an ce, "Lafiya lau, Tambaya, ya gajiya?"

Ba za a ɓoye aibinsa ba, don ba mala'ika ba ne. Yana ja hagu. Kuma in aka cika masa kaya ta baya ba tare da shawararsa ba, yakan ɗaga hannuwa sama ba sallama. Haƙorin Uba na ƙasa da ya tafi, shi ya tafi da shi. An yafe masa tun a lokacin.

Sai duniya ta juya wa tasha baya. Aka shimfiɗa kwalta, tireloli suka fara shiga har bakin gona. Jirgin kullum ya koma na mako, na mako ya koma na in Allah ya kawo, daga nan sai shiru. Aka ɗauke Masta ba a kawo wani ba. Ƙararrawar tasha ta yi ƙafa. Awaki suka tare a ɗakin yankar tikiti, har da wani bunsuru da ke leƙowa ta taga kamar shi aka bar wa aikin. 'Yan dako suka watse, wasu suka koma acaɓa, wasu gona, wasu suka bi lodin tirela a Kwanar Gafan. Amalankensu aka faskara aka dafa tuwo. Tambaya kaɗai ya rage. Da rana ya yi dakon gari, da yamma ya koma turke ya jingina, shi kaɗai a layin da babu na biyu.

Da mata suka ga layin dogo ya zauna ba aikin fari, sai suka ba shi aiki. Duk wanda ya san yankin nan ya san lokacin da tumatir ke yin yawa har dillali ya ƙi kallonsa. To a lokacin ne ake yanka shi a shanya, ya bushe ya zama kauɗa, a ajiye sai damina ta sa shi daraja. Kuma babu mashanya a ƙasar nan kamar tsakuwar layin dogo: ga zafi, ga tsabta, ga shi akuya ba ta isowa ba a hango ta ba. Kowace mace da nata yankin, daga wannan katakon layi zuwa wancan, Yaya Sa'a ce shugabarsu, kuma Tambaya ne ke kawo ɗanye ya kwashe busasshe.

A duk tsawon shekarun nan Uba bai taɓa cewa jirgi ya tafi ke nan ba. Sau nawa aka ce zai dawo? An ga masu hular roba sun zo sun auna sun tafi. An ga masu neman ƙuri'a sun tsaya a kan dakali sun yi rantsuwa. An ga 'yan kwangila sun sare ciyawa, ciyawar ta sake fitowa ta fi da. Kowane karo Uba yakan kai Tambaya kanal ya wanke shi tas, ya shafa masa giris, su tsaya a turke tun safe har inuwa ta juya. Gari ya mai da abin gaisuwa: "Lamba Ɗaya, ya jirgi?" Shi kuwa amsarsa ɗaya ce: "Yana hanya." Ana dariya, amma duk da haka in maganar jirgi ta taso, shi ake tambaya, don babu wanda ya rage da ya san ta.

Yanzu sai bayanin ajali, kuma ana roƙon jama'a su riƙe wannan, su watsar da wanda ake yaɗawa.

Ranar Talata, rana ta take, Tambaya yana tsaye a gicciye a kan layi, an ɗora masa buhunan kauɗar Yaya Sa'a. Sai ga Ɗanbaba a guje a 'yar ƙurƙurarsa. Ɗanbaba ɗan marigayi Usaini ne, wanda ya yi rayuwarsa duka yana Lamba Biyu, ya kuma mutu bai huce ba. Tun da aka fara raɗe-raɗin jirgi a bana, yaron nan kullum sai ya matso da ƙurƙurarsa kusa da turke, yau taku kaɗan, gobe taku kaɗan. Kuma shi ne wanda bara ya aiko a ce wa Uba jirgi ya taso, Uba ya yini a rana, shi yana rumfar mai shayi yana riƙe ciki. A riƙe wannan, don a yi wa Uba adalci.

Ya diro yana ɗaga waya. "Kawu! Kawu Uba! Jirgi na tafe! Abokina ya ɗauko shi a bidiyo yana wuce Chalawa, ga shi nan yana motsi!"

Uba bai ko kalli wayar ba. "Jirgi ba ya zuwa ta waya. Jirgi ta ƙarfe yake zuwa."

"Wallahi Kawu yau ba wasa ba ne. Duba mana!"

"Kai ɗan Usaini, lokacin da nake sauraron jirgi da kunnen nan, uwarka ma talla take yi a dakalin can. Matsa ka ba ni wuri."

Mata suka tsaya da wuƙaƙe a hannu. Yaya Sa'a ta miƙe tana dafe da ƙugu. "To Uba, kwashewa za mu yi ko bari za mu yi? Kai ne ɗan jirgi. Kada ka sa mu kwashe ɗanyen tumatir a banza ya ruɓe mana a buhu."

Sai Uba ya yi abin da mahaifinsa ya koya masa, abin da 'yan dako ke yi tun kafin a san waya. Ya cire hula, ya durƙusa, ya ɗora kunnensa a kan kwangiri, don ƙarfe yana kawo labarin jirgi tun yana nesa. Abin da ba a lissafa ba shi ne, Malam Muhammadu Sani da asuba yake sauraro, don jirgin kaya na zamaninsa da safe yake zuwa. Wannan kuwa tsakar rana ce ta bazara, ƙarfen ya yini yana shan wuta. Kunne ya ce cuuu. Uba ya ɗago.

Masu cewa bai daɗe yana sauraro ba, a tambaye su ko sun taɓa ɗora nasu kunnen. Ga mata sun zuba ido, ga ɗan Usaini yana tsaye da waya. Mutum mai furfura a gemu ba zai sake durƙusawa a gaban yaro ba. Uba ya mayar da hularsa, ya ja ta ta rufe kunnen, ya ce, "Babu jirgi daga nan har Kano."

Mata suka koma yanka.

Ba a jima ba aka ji abin da garin nan ya manta da shi. Fuuuuu! Bunsurun ɗakin tikiti ne ya fara fita ta taga. Yaran da aka haifa bayan ɗaukewar jirgi suka ruga gida suna ihu. Tsofaffi suka tsaya baki buɗe. Can daga wajen tankin ruwa sai ga kan jirgi ya ɓullo, da fitilarsa a kunne da rana tsaka, yana jan taragu.

Allah shi ne shaida, jirgin nan ba gudu yake ba. Tsohuwa mai sanda za ta iya raka shi ta dawo. Direba ya leƙo har ƙirji yana kaɗa hannu yana busa, yana ta "Ku cire! Ku cire!" Iyalan marigayi ba su riƙe shi da komai ba. Amma jirgi ba jaki ba ne da za a ce masa tsaya ya tsaya.

Uba ya kama hannuwan Tambaya ya fizga. Nauyin buhuna ya sa tayar hagu ta nutse tsakanin kwangiri da wani ruɓaɓɓen katako, ta maƙale. Ya ga babu mafita sai ya kifar da kayan gaba ɗaya.

"Kada ka kuskura!" in ji Yaya Sa'a. "Ka zubar mini da kauɗa a ƙasa, ni da kai ne har lahira!"

"Yaya, taya ta faɗa!"

"Taya zan kai kasuwa? Ku zo ku kama mini, ku 'yan nan!"

Aka sauke buhuna ɗaya bayan ɗaya, cikin mutunci, kamar ana sauke amarya. Ko ƙwaya ba ta zube ba. Ana sauke na ƙarshe, inuwar jirgi ta iso. Uba yana nan yana ja, yana kiran sunan amalanken. Baba Dattijo ya saƙalo wuyan rigarsa da ƙugiyar sandarsa, Ɗanbaba ya rungumo shi ta ƙugu, suka faɗa cikin tumatirin wata baiwar Allah su duka. An rubuta wannan don kada a ce an ɓoye alherin yaro. An gode. Amma riƙon ƙugu daban, turke daban.

Jirgi ya sa goshi ya ɗauki Tambaya a hankali, ya tura shi gaba kamar mai rakiya. Tayar hagu ta fita daga ramin da kanta, yanzu da babu amfani. Sun ɗan yi tafiya tare, amalanken da jirgin da ya shekara da shekaru yana jira, har mutane suka fara cewa ai zai tsira. Ya yi magana sau biyu, ƙwiii-iƙ? ƙwiii-iƙ? A ta uku muryar ba ta tashi sama ba. Ƙwaƙ. Katakon maɗaci ya buɗe.

Sai da jirgi ya wuce dakali sannan ya tsaya. Direba ya sauko, mutumin kirki, ya tambaya ko an ji ciwo, aka ce babu. Ya dubi katakai ya ce Allah ya mayar da alheri. Sannan ya waiga ya dubi ɗakin Masta, ya dubi rumfar kwano, ya ce, "Au, ashe nan ma tasha ce?"

Uba ya ce wannan kalmar ta fi ƙunar kunnen ciwo.

Kafin ya hau, direban ya ce gwajin hanya suke yi, kuma ya ji ana cewa in hanya ta yi kyau, kakar tumatir mai zuwa za a riƙa tsayawa ana lodi. Ko gaskiya ne ko irin ta da ce, Allah masani. Amma Uba ya ga inda idon Ɗanbaba ya tafi, kuma ba wajen gawa ya tafi ba.

"Kawu, sannu. Kawo in kwashe maka shi a ƙurƙura in kai maka gida."

"Gida? Wane gida?"

"To gidanka mana, Kawu. Ko nan za a bar shi?"

"Sauke hannunka daga kansa."

Uba ya naɗa gammo. Da kansa ya kwashe marigayi, katako bayan katako, gatari yana ƙuna a kafaɗa, ya kai turke ya jingina. Kafin a kira magariba babu abin da ya rage a kan layi sai jan tumatir.

Marigayi ya rasu ya bar mai shi, Uba, da kunne ɗaya a naɗe. Ya bar Yaya Sa'a, wadda har yanzu ba ta zo gaisuwa ba, tana cewa ita za a yi wa gaisuwa, don jirgi ya niƙe mata shanyar da ba a kai ga kwashewa ba. Ya bar igiyoyin roba da suka yi masa hidima tun suna tayar keke, da famfon iska, da gwangwanin giris da ko rabi bai sha ba. Ya bar 'yan uwa na nesa, baro-baron gari da amalanken shanu na rugage. Ya kuma bar tayar dama, wadda a cikin rikicin ta ɓalle ta gangara ita kaɗai ta faɗa kanal. Ana roƙon manoman da ke ƙasa, har zuwa wajen Bunkure, duk wanda ya buɗe ruwa ya ga taya ta shigo masa gona, marainiya ce, a dawo da ita. Tana da faci ja a gefe.

Washegari rana ta fito ta ga Tambaya a turke kamar kullum, sai dai a kwance. Ta kuma ga Ɗanbaba, ya zo da wani ɗan gwangwan, mai sayen tsofaffin ƙarafa, da sikeli a kafaɗa, wai ya kawo shi ne ya yi ta'aziyya. Aka kira Baba Dattijo, aka shimfiɗa masa buhu a kan dakali.

"Baba Sarki," in ji Ɗanbaba, "a duba fa. Wannan ai ba amalanke ba ne. Itacen girki ne da ƙarfe."

Baba Dattijo ya gurza goronsa a ɗan magogi, ya zuba a baki, ya daɗe yana juya shi. "Jiya da safe mene ne?"

"Jiya kam amalanke ne."

"To mutum in ya mutu, sunansa canzawa yake?"

"Ana dai cewa marigayi."

"Marigayi Lamba Ɗaya ke nan. Muddin rana tana fitowa tana ganinsa a turke, gurbi nasa ne. Ranar da ta fito ba ta gan shi ba, kawo ƙurƙurarka, ni zan jingina maka ita da hannuna."

Ɗanbaba ya yi murmushi, ɗan gwangwan ma ya yi. Kowa ya san ƙarfen da aka bari a fili a zamanin nan ba ya tsufa, kuma busasshen maɗaci a kusa da matan da ke neman itace, kwanansa ƙididdigagge ne. Tun ranar Uba bai matsa daga turke ba. Nan yake salla, nan ake kawo masa abinci. An riga an kama wata tsohuwa da guntun katako a ƙarƙashin mayafi, ta ce tabarruki take nema. Mutum kuwa ba zai yi gadi har abada ba, ko wanka zai so ya yi.

Jiya da hantsi Uba ya aika a ɗauko masa Baba Dattijo, a gaban shaidu, Ɗanbaba yana zaune a kan ƙurƙurarsa yana kaɗa ƙafa.

"Sarki, tambaya gare ni. In an binne mutum a wuri, yana wurin ko ba ya wurin?"

"Yana wurin mana. Ina zai je?"

Ɗanbaba ya daina kaɗa ƙafa. "A'a Baba, ai cewa ka yi sai rana ta gan shi! Rana tana gani cikin ƙasa ne?"

"Yaron ya yi gaskiya," in ji Baba Dattijo. "Sai ta gan shi."

"To in an bar masa hannu ɗaya a waje fa?"

Baba Dattijo ya yi dariya har goro ya sarƙe shi, sai da aka bubbuga masa baya. Da ya samu numfashi ya ce, "Hannun mutum ai mutum ne."

Saboda haka ga yadda aka tsara jana'iza.

Za a yi ta ranar Asabar mai zuwa da hantsi, in Allah ya kai mu, a gindin turke, ƙofar dakalin lodi, tashar Bakin Layi. An riga an haƙa rami. Za a kwantar da katakai a ƙasa, a tsayar da gatari a tsakiya, a bar kansa a waje kamar kamu ɗaya inda rana za ta riƙa gaishe shi kowace safiya. Suhaibu mai walda zai zo da injinsa ya haɗe kan gatarin da turke, haɗin da sai dai a tafi da tashar gaba ɗaya. Daga nan a zuba kankare. Ba a bukatar kuka. Mai zuwa ya zo da bokiti, mai shebur ya zo da shebur. 'Yan gwangwan an yafe musu zuwa, an karɓi gaisuwarsu daga nesa.

Za a yi zaman makoki a rumfar kwano, a gefen da ba ya yoyo. Za a raba ƙosai in Yaya Sa'a ta huce, in ba ta huce ba kowa ya ci a gidansu.

Masu tambaya da me Uba zai ɗauki kaya in jirgi ya tsaya, tunda ba shi da amalanke, an gode da damuwarsu. Lamba Ɗaya shi ke fara shiga, shi ke zaɓar kaya. Wanda zai ɗauka kuwa, marigayi yana neman yaro mai ladabi, mai abin hawa, wanda ya iya riƙon ƙugu. An yi wa Ɗanbaba tayi. Ya ce shi da ya yi wa gawa yaranta gara ya koma acaɓa. An ce masa ya yi tunani, ba a gaggawa, kuma kafin ya gama tunanin ya biya bakin kanal ranar Asabar ya ɗebo yashi, tunda hanyarsa ce. Ya ce zai ga. An ga ƙurƙurar tasa dai yau da safe an share bayanta.

Allah ya ba mu haƙurin rashi, ya sa jirgi ya san nan ma tasha ce. Wanda bai samu zuwa ranar Asabar ba kada ya damu, ya zo duk ranar da ya samu hali. Marigayi yana nan a turke, kuma ba shi da niyyar tashi.